Bindiga mai ruwa da sarkin yawa

Wani mai karatu daga Zariya ya ce ya ji kakansa yana ambaton "bindiga mai ruwa", yana son sanin wane ruwa ake nufi. Ya kuma haɗa da tambayar da ta fi nauyi: in da gaske sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, me ya sa rundunar Mahadi ta Sudan ta sha kashi a hannun waɗanda ba su kai ta yawa ba?

Bari mu fara da kalmomin. Bindiga aro ce daga Larabci, bunduƙiyya. Haka ma albarushi daga albarud, harsashi kuma daga rasas, wato darma. Wannan kaɗai ya nuna mana cewa Bahaushe ya san bindiga ta hanyar fataken hamada tun kafin ya ga Bature. Amma wadda ya sani ita ce harba-ka-ruga. Ka dubi sunan nan da kyau: ka ɗura albarushi ta baki, ka danna, ka harba sau ɗaya, in ka kuskure sai gudu, don kafin ka sake ɗurawa mai mashi ya iso kanka.

Mai ruwa kuwa ita ce wadda Hiram Maxim ya ƙera a 1884. Ƙarfin harbin da ta yi shi ke tofar da kwanson harsashi ya jawo wani, har ta kan zubar da kusan 600 a minti ɗaya. Irin wannan wuta tana sa bututun ya yi zafi ƙwarai, shi ya sa aka sanya shi cikin wani kwaroron ƙarfe mai cike da ruwa. Wasu na cewa ruwan harsasai ake nufi. Fassarar tana da daɗin ji, amma ni na fi karkata ga ruwan sanyayawar, domin sojan da ke ɗauke da ita shi ke ɗebo mata ruwa, yana ganin tururi na tashi.

Sai batun karin maganar. Asalinta taron dangi ne: komai ƙarfin ƙato, mutum goma za su kai shi ƙasa. Kuma a Sudan ɗin ma ta yi aiki. A 1883 mayaƙan Mahadi sun murƙushe rundunar Masar da hafsan Birtaniya Hicks ke jagoranta a Shaikan, a Janairun 1885 suka ci Khartum, aka kashe Gordon, janar ɗin Birtaniya da ke tsare birnin.

Bayan shekara 13 lissafi ya canza. Kitchener, kwamandan Birtaniya da ya zo ƙwato Sudan, bai yi gaggawa ba. Ya shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad a 1897, abinci da harsasai na bin sa a baya, jiragen ruwa masu igwa na tafe cikin Nilu. Ranar 2 ga Satumba 1898, a filin Karari kusa da Omdurman, ya tsaya da soja wajen 25,000, yawancinsu Misirawa da Sudaniyawa. Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya fito da mutum kimanin 50,000. Suka taho da tutoci a buɗaɗɗen fili da sassafe, kuma yawancinsu ba su isa inda takobi zai yi amfani ba. Kafin azahar an kashe musu fiye da 10,000. Waɗanda aka kashe a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Duk lokacin da na karanta waɗannan alƙaluma jikina kan yi sanyi, domin jarumta ba ta yi wa mutanen nan ƙaranci ba.

To, amsata ga mai tambaya ita ce karin maganar ba ta yi ƙarya ba. Kalmar "yawa" a cikinta ba ta ce yawan mutane kawai ba. Magabata sun ƙirga kawuna ne saboda a zamaninsu hannu ɗaya kibiya ɗaya yake harbawa. A Karari mutum uku ko huɗu a bayan mai ruwa suna zubar da abin da ɗaruruwan masu harba-ka-ruga ba za su iya ba.

Kusan shekara biyar bayan haka, a Maris 1903, irin bindigar nan ta iso Giginya a bakin Sakkwato, sannan Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Waɗanda suka tsira suka yi gabas tare da ɗansa Mai Wurno, har yau zuriyarsu na zaune a garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Nilu.