Tambayoyin Masu Karatu: Kallon Sakamakon Kwaikwayo a Manyan Kwamfutoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kwaikwayon kwararar iska da OpenFOAM (manhajar lissafin kwararar iska da ruwa) a tarin kwamfutocin jami'armu, an raba aikin ga furosesa 64. Da na kwaso sakamakon na buɗe da ParaView (manhajar zana sakamakon lissafi a hoto) a laftof ɗina, sai ta sandare. Ina mafita? Daga wani ɗalibin injiniya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kayan ne suka fi ƙarfin laftof ɗin. In ragarka, wato ƙananan guraben da aka yayyanka filin lissafin, tana da gurbi miliyan 20, kowane gurbi ɗauke da lambobi 5 (matsi, zafi, da gudu ta fuska uku), kowace lamba bait 8, to matakin lokaci guda ya kai megabait 800, ban da ragar kanta.

Bar bayanan inda suke, ka kai musu mai zanen. A can, a kan tarin kwamfutocin, ka tayar da sabar ParaView, wato mai zanen, da mpirun -np 16 pvserver. Za ta jira ka a ƙofa mai lamba 11111. Daga laftof ka buɗe hanya da ssh -L 11111:sunan-injin:11111 sunanka@adireshin-tarin (sunan-injin shi ne injin da sabar ke gudana a kai), sannan a ParaView ka shiga File, Connect, ka sa localhost. Sabar ce za ta karanta ta zana, hoto kawai za ta aiko maka, kana juya shi yadda ka so. Wajen buɗe fayil ka zaɓi Decomposed Case don a karanta sakamakon a rarrabe yadda yake, ba sai ka ɓata sa'o'i da reconstructPar wajen haɗe shi ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sigar manhaja. Dole ta laftof da ta saba su zama ɗaya sak, 5.11 ba ta haɗuwa da 5.12. In kuma katangar tsaro ta hana shiga, sai ka sa sabar ta kira ka da --reverse-connection.

Tambaya: Me ke kawo layuka kamar tsagewa a hoton, daidai inda aka raba ragar? Daga wata mai bincike, Yamai.

Amsa: Malama, galibi lissafinki lafiya lau yake. Kowace furosesa yankinta kaɗai take gani, don haka takan ɗauki iyakarta da maƙwabciya tamkar ƙarshen duniya, ta zana bango a wurin. Maganinsa shi ne ara wa kowane yanki layi ɗaya na gurabun maƙwabcinsa. Matatar Ghost Cells ko D3 na yin haka, amma ki sa ta kafin matatun da ke fitar da fuskar da za a zana, irin su Contour ko Extract Surface, domin in ta biyo baya tsagewar ta riga ta shiga.