Abin da ke sa kujerun igiya su koma da baya

Yarona, ka tambaye ni game da bidiyon nan na Gudauri a ƙasar Jojiya, wanda aka ɗauka a watan Maris na 2018, inda kujerun da ke haura da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara zuwa saman dutse suka juyo da baya a guje, suna watsar da mutane a tashar ƙasa. Ka ce ta yaya inji zai yi baya alhali ba wanda ya sa masa giyar baya, kuma ina birki yake a lokacin.

Ba injin ba ne ya yi baya, nauyi ne ya rinjaye shi. Igiyar ƙarfe guda ɗaya ce aka haɗa bakinta biyu, tana zagaya babban wili a tashar ƙasa da wani a tashar sama, kujeru kuma suna maƙale da ita. Ɓangaren da ke hawa cike yake da mutane, ɓangaren da ke saukowa kuwa galibi babu kowa a kai, domin masu wasan da ƙafarsu suke gangarowa. Saboda haka a kowane lokaci igiyar tana neman komawa ƙasa ta ɓangaren da ya fi nauyi, kamar gugan da ya cika da ruwa a tsakiyar rijiya, wanda da zarar hannu ya saki sai ya koma inda ya fito. A Gudauri bincike ya nuna cewa wutar lantarki ce ta fara yankewa, sannan mai kula da injin bai bi ƙa'idar aiki ba wajen sake tayar da shi, har igiyar ta kuɓuce. Mutane kusan goma sha ɗaya suka ji rauni, amma Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Batun birki shi ne inda nake so ka tsaya ka natsu, domin ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, a ina aka ɗaura shi. Birkin aiki na yau da kullum yana kama sandar ƙarfen da ke tsakanin injin da giyabos, wato akwatin giyar da ke isar da ƙarfin injin ga babban wilin. Birkin gaggawa kuwa babban wilin yake damƙewa kai tsaye. Akwai kuma sakatar hana komawa baya, wadda ke faɗawa ta toshe wilin idan ya soma juyawa ta inda bai kamata ba. An ƙera birkin ne ta yadda sifirin ke matse shi, matsin mai kuma ke buɗe shi, don haka idan wuta ta ɗauke ko mai ya zube, kamawa zai yi da kansa. To amma idan wani abu ya karye a cikin giyabos, birkin aiki zai damƙe sandarsa tamau, wilin kuwa ya ci gaba da juyawa abinsa, tunda abin da ya haɗa su ya riga ya rabu. Abin da ya faru ke nan a Sugarloaf da ke jihar Maine ta Amurka a watan Maris na 2015. Giyabos ya samu karaya, na'urar da ya kamata ta tsayar da komawa baya ita ma ba ta tashi ba, kujeru suka gangara kimanin mita 140 kafin birkin gaggawa da ma'aikacin tasha ya ja da hannunsa ya tsayar da su, mutum bakwai suka jikkata.

Mafi muni a wurina shi ne abin da hannun ma'aikaci ya aikata da gangan. A Mottarone ta ƙasar Italiya, ranar 23 ga Mayu 2021, igiyar da ke jan wani ɗakin fasinja ta tsinke dab da tashar sama. Wannan ba kujera ba ce, amma darasin aikin ɗaya ne. Akwai birkin da aka tanada domin irin wannan rana, sai dai an sa masa wani ƙarfe mai baki biyu an tokare shi a buɗe, saboda yana yawan kamawa yana tsayar da aiki. Mutum 14 suka mutu, yaro ɗaya ne ya tsira. Idan birki ko makunnin tsaro yana yawan tsayar maka da inji, wata cuta yake nuna maka, kuma aikinka shi ne ka nemo ta. Duk wanda ya ce ka tokare shi domin fasinjoji sun yi layi, ko da shi ne mai wurin, ka ajiye sifana ka kira ni.

Sauran matsalolin idonka da kunnenka ne maganinsu. Igiya kan goce daga ƙananan tayoyin da ke kan turakun da suka tallafe ta idan iska ta yi ƙarfi ko jerin tayoyin ya karkace, shi ya sa kowane turke yake da makunnin da ke kashe inji nan take. A Whistler ta Kanada, a Disamban 2008, ruwa ne ya shiga cikin wani turke ya daskare, ƙanƙara ta kumbura ta raba mahaɗinsa. Tsatsa da tsinkewar siraran wayoyi a cikin igiya kuwa ba a ganinsu daga waje, sai an bi ta da na'urar maganaɗisu. Gwajin birki na gaskiya kuma da lodi ake yinsa: a ɗora durom-durom na ruwa ko buhunan yashi a kan kujerun hawa, sannan a gwada kowane birki shi kaɗai, a auna tazarar da igiya ta yi kafin ta tsaya.

Game da fasinjoji, ka ga wasu sun yi tsalle a Gudauri kafin kujerarsu ta isa wilin ƙasa, kuma hakan ya cece su, amma kada ka mayar da shi doka. Idan kujera tsayawa kawai ta yi, mutum ya zauna daram, ya bar sandar tsaro a sauke a gabansa, ya riƙe yaron da ke gefensa. Akwai injin dizal na ko-ta-kwana da ke jan igiyar a hankali har kowa ya sauka, idan kuma shi ma ya gaza, ma'aikata za su bi turke-turke su sauko da mutane ɗaya bayan ɗaya da igiyar ceto.