Sauya wa hedifon waya da ƙoƙon katako: gyara ne ko ɓarna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da hedifon Grado SR80e da yayana ya kawo mini daga Amurka, ina amfani da shi a kan 'yar ƙaramar na'urar DAC (wadda ke mayar da waƙar dijital ta zama sautin da hedifon zai fitar) mai rami biyu, na milimita 3.5 da na 4.4. Wayarsa ta fara tsagewa daidai inda ta rabu biyu, shi ya sa na yi niyyar sauya ta da mai azurfa, in kuma sa a sassaƙa mini ƙoƙon katako a madadin na roba. Mai sayar da wayar ya ce kafin nan in sayi adafta in riƙa soka hedifon ɗin a ramin 4.4, wai sautin zai buɗe. Na gwada, murya ta ƙaru, amma na'urar ta yi zafi har na tsorata na cire. Shin na lalata wani abu? Kuma aikin da nake shirin yi zai biya kuɗinsa, ko zan ɓata abin da ba ni da halin sayen wani?

Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta wa kanka da ka cire, kuma kada ka sake soka adaftan nan ko da na minti ɗaya ne. Mai yiwuwa hedifon ɗinka lafiyarsa ƙalau, domin a irin wannan haɗi na'urar ce take shan wuya. Mayar da shi ramin 3.5 ka saurara da murya kaɗan. Idan kunnuwan biyu suna fita daidai, babu tsatsa babu ƙugi, to ka tsira. Ramin 4.4 kuwa ba za a san halin da yake ciki ba sai an gwada shi da wayar da aka haɗa bisa ƙa'ida.

Zan daɗe a kan batun adaftan, saboda babu ruɗin da ya fi shi cinye wa mutane na'urori a wannan fanni, kuma masu sayar da shi ba su daina ba. Kan wayarka ta asali yana da mahaɗa uku: hagu, dama, da layi ɗaya da kunnuwan biyu suke tarayya a kansa, wanda ake kira ƙasa. Ramin 4.4, wanda ya fara bazuwa a 2016 a kan na'urorin Sony, an gina shi ne a kan wani tsari dabam da ake kira balans. A can kowane kunne amfilifaya biyu ne ke tuƙa shi (amfilifaya shi ne sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi), ɗaya na turawa ɗaya na ja, saboda haka layin da aka yi wa alamar ragi (−) wuta ce mai rai take bi ta cikinsa, ba ƙasa ba ce. Abin da adaftan ke yi shi ne ya ɗauki ragin hagu da ragin dama ya ƙulle su wuri guda, tunda hedifon ɗinka layi ɗaya tak yake da shi da zai karɓe su. Daga nan amfilifaya biyu sun koma raguna biyu masu karo, kowanne na neman tilasta wa ɗan'uwansa tasa wutar, babu wani abu a tsakaninsu da zai rage ƙarfin. Zafin da ka ji a hannunka wannan karon ne.

Za ka haɗu da masu cewa sun yi watanni suna amfani da shi ba abin da ya faru, kuma ba lallai ƙarya suke yi ba. Yawan wutar da ke bi tsakanin amfilifayoyin biyu ya dogara ne da bambancin abin da ke fita a hagu da abin da ke fita a dama. Mai sauraron karatu ko wa'azi ko labarai, inda kunnuwan biyu ke ɗauke da abu kusan iri ɗaya, zai iya daɗewa bai ga komai ba, sai ranar da ya sa kiɗan da aka rarraba kayansa hagu da dama ya kuma ƙure murya. Wasu na'urorin suna da kariyar da ke kashe su idan wuta ta yi yawa, wasu kuma ba su da ita, sai dai ka ji ƙaurin roba ka tarar kunne ɗaya ya yi shiru har abada. Wanda ya sayar maka ba zai biya ka ba, zai ce na'urarka ce jabu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mutumin da bai taɓa ɗora mita, wato na'urar awon wutar lantarki, a kan abin da yake sayarwa ba yake ba da fatawa da cikakken ƙarfin hali, ya kuma kafa hujja da cewa ai kan ya shiga ramin daidai. Shigar kai cikin rami ba ta nuna komai game da yadda aka haɗa wayoyin ciki.

Za ka iya tabbatar da maganata da kanka. Sa mita a ma'aunin da ke ƙara idan layi biyu sun haɗu, ka soka hedifon a adaftan, sannan ka taɓa zobe na farko da zobe na uku a kan 4.4 ɗin, kana ƙirgawa daga tsini. Na farko ragin hagu ne, na uku ragin dama. Idan mita ta yi kuka, to an ƙulle su. Akasin wannan haɗi, wato waya mai layi huɗu a rage ta zuwa ramin 3.5, ba shi da wata illa, kuma daga nan ne da yawa suke ruɗewa su ɗauka duk tafiyar ɗaya ce.

Sai batun buɗewar sauti da aka yi maka alkawari. A yawancin ƙananan na'urorin nan ramin 4.4 ninkin ƙarfin wutar ramin 3.5 yake bayarwa, misali bolt 4 a maimakon 2, wanda ke nufin ƙarin desibel 6 a ma'aunin ƙarar sauti. Kunnen ɗan Adam kuwa duk abin da ya fi ƙara yakan ji kamar ya fi kyau, ko da bambancin ɗan kaɗan ne. Grado ɗinka turjiyarsa ga wuta ohm 32 ce, kuma miliwat ɗaya kacal yana kai shi kusan desibel 100. A lissafi bolt 2 sun isa su kai shi wajen desibel 120, inda babu mai hankalin da zai zauna. Ba ka da ƙarancin wuta ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma idan aka kai 90 sai lokacin ya koma awa 4 kacal. Garin neman gira kada a rasa ido, domin ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma ƙarar nan mai kama da kukan gyare da wasu ke ji bayan sun cire hedifon gargaɗi ce.

Wayar da ta tsage dole a sauya ta, wannan gyara ne na gaskiya. Amma kada ka biya kuɗin azurfa da fatan sauti zai canza. Azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wucewar wuta da kusan kashi 6 cikin ɗari ne kawai. Waya mai tsawon mita biyu turjiyarta ba ta cika wuce rabin ohm ba, don haka ribar da za ka samu a kan hedifon mai ohm 32 ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na desibel ba, abin da babu kunnen da ke iya kamawa. Galibin abin da ake kira wayar azurfa ma jan ƙarfe ne aka shafa masa azurfa a sama. Nemi waya mai laushi, marar nauyi, wadda ba ta kai ƙarar gogar riga zuwa kunne, mai layi huɗu tun daga ƙoƙo har kai. Da irin wannan, idan har kana son ramin 4.4, sai a sa mata kansa kai tsaye ba tare da adafta ba.

Katako kuma labarinsa kashi biyu ne. Gaskiya ne manyan kamfanoni suna amfani da shi: Sony ta yi MDR-R10 da itacen zelkoba a 1989, Grado da ke Brooklyn ta daɗe tana yin RS1 da mahogani, Denon ta sa shi a D5000 da D7000, kuma kamfanin ZMF ya faro ne daga gyaran Fostex T50RP. Sai dai a hedifon mai rufaffen baya, inda tasirin ya fi fitowa, abin da ya fi aiki shi ne faɗin cikin ƙoƙon, da audugar ko soson da aka shimfiɗa a ciki, da yadda iska ke fita, fiye da sunan itacen. Naka kuwa buɗaɗɗen baya ne, ƙoƙonsa ɗan bututu ne da raga a ƙarshe, sautin baya ficewa yake yi. Canjin da katako zai kawo maka kaɗan ne, kuma mafi yawansa daga tsawon bututun da faɗinsa zai zo. Idan don kyau kake so, wannan dalili ne mai zaman kansa, ni ma ina son ganin katakon da aka goge da kyau, amma ka san abin da kake saya.

Idan ka yanke shawarar yi, itacen ya zama busasshe sarai. Madaci dangin mahogani ne kuma yana karɓar sassaƙa, sai dai wanda aka sassaƙa da damina yana ɗanye zai tsuke idan hunturu ya shigo Kano, ya tsage ko ya matse lasifikar da ke ciki. A shafe shi ciki da waje, kuma ƙoƙon biyu su zo daidai da juna a awo, in ba haka ba murya za ta karkata gefe guda. Wajen buɗewa, gam ne ya riƙe ɓangarorin robar, ana tausasa shi da iskar na'urar busar da gashi a hankali, ba da wuƙa ko wuta ba. Wayoyin da suka shiga cikin lasifikar sun yi siririn gashi, kuma idan ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a kan mahaɗar zai iya ɗaga ta, daga nan kuwa sai sabuwar lasifika. A yi wa ƙari da ragi alama kafin a cire tsohuwar waya, domin idan aka juya kunne ɗaya bes, wato sauti mai kauri, zai zube, sautin ya rasa tsakiya. Za kuma a ba ka shawarar huda ramukan da aka lulluɓe a bayan lasifikar don ƙarin bes. Yana ƙaruwa, amma yana iya yin yawa ya dagula muryar mawaƙi, kuma mayar da shi yadda yake ba abu ne mai sauƙi ba.

Kafin duk wannan, sauya soson kunne. Grado tana da shimfiɗaɗɗen soso irin wanda ya zo da naka, tana da mai zurfi da ake kira L, da babba da ake kira G, kuma kowanne yana canza nisan lasifika da kunne, wanda ke canza bes da kaifin sauti fiye da waya da katako a haɗe. Ana cire shi da hannu a mayar cikin minti ɗaya. Saurari L na mako guda a ramin 3.5, a kan waƙoƙin da ka sani sosai kuma a murya ɗaya, sannan ka kai wayar wurin mai gyaran da ka ga mita a kan teburinsa.