Ta Yaya Ake Auna Iskar da Ba Ta Kaɗa Ganye?

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ake auna iskar rana, alhali mun koya musu cewa babu iska a sararin samaniya. Daga wata malama a Mabera.

Amsa: Malama, sunan ne ya rikita yaran. Abin da ke kwararowa daga rana ba irin iskar hunturu ba ce mai cika gari da ƙura. Ƙwayoyi ne masu ɗauke da cajin lantarki, akasarinsu firoton da elektiron, wato ƙananan sassan ƙwayar zarra, sai hiliyom kaɗan, suna gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa. Duk da wannan gudu, a kusa da duniyarmu waɗanda ke cikin gurbi mai girman ƙwayar gyaɗa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, don haka cajinsu ake aunawa.

Na'urar da ta fi burge ni ita ce ƙoƙon Faraday, wato ƙoƙon ƙarfe mai raga a baki. Ana sa wa ragar ƙarfin lantarki don ta kore ƙwayoyi marasa ƙarfi, waɗanda suka tsallake kuma su faɗa gindin ƙoƙon su haifar da ɗan siririn lantarki. Idan aka riƙa ƙara ƙarfin mataki-mataki, sai a gano gudunsu da yawansu da zafinsu. Kumbon Parker, wanda Amurka ta harba a 2018, yana da irin wannan ƙoƙo da ya leƙo waje daga bayan garkuwar da ke kare shi daga zafi, yana fuskantar rana kai tsaye, kuma a ranar 24 ga Disamba 2024 ya matso har kilomita miliyan 6.1 daga gare ta.

Wata na'urar kuma aikinta kamar shiƙar gero ne. Ƙwayoyin na bi ta tsakanin faranti biyu lanƙwasassu, sai masu ƙarfin da aka zaɓa kaɗai ke iya shan kwanar, sauran su bugi bango. Da irinta ne kumbon Mariner 2 ya tabbatar a 1962 cewa wannan iska ba ta yankewa, kamar yadda masanin kimiyya Eugene Parker ya hango a 1958. Don tantance ƙwayoyi masu nauyi, irin su oksijin da ƙarfe, wani kumbo mai suna ACE da aka harba a 1997 yana sa su ratsa siririn fallen kabon, sannan ya auna lokacin da suka ɗauka kafin su isa ma'auni.

Idan za ki koma aji, ki tafi da faifai da ɗan gero mai ƙaiƙayi.