Amsa ga mai son tara ƙawaye a gida ba tare da shan wahala ba

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce kina so ki kira ƙawayenki na kusa gidanki da yamma ku ɗan huta ku yi hira, amma duk sanda kika tuna girki da shara da wanke-wanke sai jikinki ya mutu ki ɗage. Na daɗe ina yin irin wannan zama da nawa ƙawayen, bari in faɗa miki abin da na ga yana tafiya daidai.

Ki fara cire wa ranki cewa liyafa za ki yi. Da zarar kin sa masa wannan sunan kin ɗora wa kanki kaya: sai an yi abinci kala-kala, sai an gyara ko'ina, sai kin yi kwalliya, su ma dole su yi. Ƙarshenta su iso su tarar da ke a gajiye, kina shiga kicin kina fita, suna ta "zo ki zauna mana", ke kuma kina ta "ina zuwa". Na sha zuwa gidan da aka yi mana hidima har ta wuce misali, na koma gida ban samu hirar minti goma da matar gidan ba. Abin yakan tsaya min a rai, don ita na je gani.

Maganar adadi tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ku huɗu har da ke ya isa, in ya yi yawa biyar. Masanin nan ɗan Ingila, Robin Dunbar, da abokan aikinsa sun bi diddigin yadda mutane ke hira, suka wallafa a 1995 cewa hira guda da wuya ta ɗauki fiye da mutum huɗu; da an wuce haka sai ta rabu gida biyu. Ni ma abin da nake gani ke nan. Idan muka kai bakwai, masu baki biyu ne ke riƙe da ɗakin, mai kunya kuma ta koma danna waya. Kuma ki duba waɗanda za ki haɗa. Idan kin san akwai 'yar tsama tsakanin biyu daga cikinsu, kada ki mayar da yammacin hutunki wurin sulhu, ki kira su a ranaku daban. Baƙuwar fuska ma, komai kirkinta, tana sa kowa ta kama bakinta.

Wajen gayyata, kada ki tambaye su "yaushe kuke da lokaci?" Wannan tambayar ce ke kashe zama tun kafin a fara, don sai a yi wata guda ana ja. Ki zaɓi rana biyu ki ce su ɗauki ɗaya. In an tsayar da ranar, saƙona ba ya wuce haka: "Asabar ƙarfe 5 ku zo mu zauna. Ba wani girki zan yi ba, kowacce ta zo yadda take, ƙarfe 9 mun watse." Faɗin lokacin tashi yana sa mai ƙananan yara da mai fita aiki da sassafe su amsa da sauri, ke ma kin san yaushe za ki kwanta.

Abinci kuwa kala ɗaya, wanda za ki gama tun kafin su zo ko ki saya a shirye. Babu abin kunya a saye. Idan wata ta ce "me zan kawo?" kada ki ce "ba komai". Ki ce ke kawo abin sha, ke kawo 'ya'yan itace. Suna jin daɗin hakan, don sai su ji zaman nasu ne su ma. Ki jera komai a faranti a tsakiya, kowacce ta zuba da kanta, ruwan sha ya wadata a kusa yadda ba sai kin tashi ba. Ki tambaya tun da wuri ko akwai mai ciwon sukari, ko mai juna biyu, ko wadda wani abu ba ya karɓarta. Sannan tunda hira na ɗauke hankali, ki riƙe shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. In an ci an ƙoshi, ki sa ragowar a firiji ki dawo ki zauna.

Gyaran gida: ɗakin da za ku zauna da banɗaki, shi ke nan. Sabulu da ruwa da tawul mai tsabta, sauran ƙofofi ki ja su. Ki zubo filo a ƙasa don mai son miƙe ƙafa, ki rage hasken fitila. Talabijin ni kashe shi nake yi, don fim in ya fara hira ta tsaya. Waya ban hana ba, tunda wasu sun baro yara a gida, amma ni nake fara kife tawa, sai ki ga sun bi. Mutanen gidanki kuma ki sanar da su tun kwana biyu kafin ranar, a san wanda zai kula da yara da abin da za su ci, don kada a riƙa kiranki kowane minti biyar.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan sauƙi shi ne, abin da bai da wahala shi ake iya maimaitawa, kuma zumunta a ƙafa take. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya yi bincike a 2018 kan lokacin da abota ke ci. Ya samu cewa sai an yi kusan awa 50 tare kafin sanayya ta zama 'yar abota, kusan awa 90 ta zama abota sosai, sama da awa 200 kafin a zama aminai. Ya kuma lura cewa awannin da aka yi a wurin aiki ba su kai na zaman hira da raha tasiri ba. To babbar walima sau ɗaya a shekara awa nawa za ta ba ku? Zama mai sauƙi duk wata ko duk wata biyu, yau gidanki gobe gidan wata, shi ke tara awannin nan.

Kada ki tsara abin da za a yi minti bayan minti. Ki bar wuri ga shiru. Akwai ranar da wata ƙawata mai shayarwa ta zo, ta ci kaɗan, ta jingina da kujera, kafin mu ankara barci ya ɗauke ta da kofi a hannu. Muka zare kofin, muka lulluɓe ta, muka ci gaba da hira ƙasa-ƙasa. Da ta farka ta ce rabonta da barci mai daɗi haka tun kafin ta haihu. Haka kuma in sun ce za su taya ki wanke-wanke, ki bar su. Wata a cikinmu ta yini tana dariya da kowa, sai da muka tsaya mu biyu muna ɗauraye kofuna, ruwa na zuba, ba mai kallon fuskar wata, sannan ta faɗa min rashin lafiyar mahaifiyarta da ta daɗe tana ɓoyewa. Da na ce mata "bari kawai, zan yi da safe", da ta tafi da abinta a ciki.

Wannan ya kawo ni ga amana, kuma a nan ba na sassauci. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake tsayawa, ko maigida ba ya ji. Wadda ba ta samu zuwa ba, ba a cin namanta. In hira ta fara karkata can, ke mai gida ce za ki juya ta cikin ruwan sanyi, don duk wadda ta ji ana gulmar wata ta san ranar da ba ta zo ba ita ce a faranti. Hoto ma a tambaya kafin a ɗauka, balle a ɗora a WhatsApp ko Instagram. Kin ce su zo yadda suke, bai dace su ga kansu a wayar mutane ba.

Za a samu mai fasawa a ƙurarren lokaci, yaro ya yi zazzaɓi ko baƙi sun sauka. Kada ki ji haushi, kada kuma ki soke. Ko ke da mutum ɗaya ce ku zauna. Kafin su tashi, tun ana neman takalma da jakunkuna, ku tsayar da ranar zama na gaba da gidan da za a je, kowacce ta sa a wayarta a nan take. Ragowar abincin ki juye musu a roba su tafi da shi. Allah ya bar zumunci, ki zo ki ba mu labarin yadda aka yi.