Amsa: Kafa ƙungiyar tseren kwale-kwale a Garwa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ku riƙe ƙungiyar tseren kwale-kwale a Garwa da inda kuɗi zai fito. Kafin maganar kuɗi, ku fara duba ruwan. Kogin Binuwai da rani janyewa yake, wani wurin sai yashi, ga dorina kuma. Ruwa mai zurfi duk shekara yana tafkin Lagdo, wanda aka datse a 1982, amma kilomita 50 ne ko fiye daga Garwa, kuɗin mota kaɗai zai cinye asusunku.

Jiragen tsere na Turai, irin waɗanda ake gasar mita 2,000 da su, ku manta da su tukuna. Sai an sauke su a Duwala, a biya kwastan, a ɗoro su a babbar mota har arewa, in ɗaya ya tsage kuma ba mai gyara. Kwale-kwalen katako fa? Masassaƙi na bakin kogi, ya toshe ɓula da tsumma da kwalta, gobe a koma ruwa. Da na katako ake tseren bikin gargajiya na Ngondo a Duwala, kuma jama'a cika bakin kogi suke.

Kuɗi kuwa, ku yi rajista wajen hukuma, don ɗan kasuwa ba ya ba ƙungiyar da ba ta da takarda. Ku kafa adashi, ma'aji daban da shugaba. Kuɗin farko ya tafi kan rigunan hana nutsewa, kuma ku gaida sarkin ruwa kafin ku sa filafili a kogi.