Fentin Fijo 504 ya dushe: a goge ko a sake fesawa?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji Fijo 504 daga mahaifinka, fentinta na kamfani ne amma ya dushe, kana tambaya ko ka kai wa mai fenti. Ni dai da ni ne, ba zan fesa ba. In dai tsatsa ba ta ci bodin ba, fentin asali ya fi sabo daraja.

Fara da gwaji. Ɗiga folish na mota (man goge fenti) a farin tsumma, ka murza wani lungu a ƙasan ƙofa. Idan launin motar ya fito a tsumman, kada gabanka ya faɗi: irin fentin da ne, wanda ba a rufe shi da ruwan ƙyalli ba. Abin da ke fita mataccen sama ne, mai kyan yana ƙasa.

Wanki a inuwa, bodi da sanyi, da sabulun mota. Garin sabulun wanki yana busar da fenti. Kuma kada ka kuskura ka share ƙurar hunturu a bushe, kuje shi za ka yi.

Gogewa kuwa da hannu, kaɗan-kaɗan, misalin faɗin taku ɗaya. Ka hana yara sa inji, musamman a gefen bonet da kan layukan bodi, don nan fentin ya fi siranta. Da zarar ka hango launin toka, an kai shafin ƙasa, ba gyara sai fesawa.

Daga nan sai kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil. Shafa shi sama-sama, in ya yi hazo ka goge da tsumma mai laushi. Da zafin ranarmu, ka maimaita duk wata biyu ko uku.